Lawali, Wanda Ya Ba Makaɗa Baya

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Malam Lawali, abokina kuma yayana a wurin aiki. A shekarun baya, idan wannan wata ya kama, sai in yi masa addu'a, in kira iyalinsa mu gaisa, shi ke nan. Bana ce ta farko da na iya ɗaukar biro in rubuta wani abu a kansa da hannuna, don shekara uku ke nan ina zuwa ajin manya a nan Sevran, kusa da Paris, Litinin da Alhamis. Da yana raye da ya yi murmushi, domin shi ne yake karanta mini takardar rabon aiki duk mako, a gefe, yadda ba wanda zai gane ban iya ba.

Shi ɗan Damagaram ne, ni ɗan Tasawa. Aikin gadi ya haɗa mu a Paris, a manyan zaurukan da ake wasan kiɗa. Mafi yawa kiɗan da ake kira rok ne: jita mai lantarki, ganguna, da mawaƙin da ke ihu kamar an taka masa ƙafa. Ba kunne kaɗai ke jin wannan kiɗa ba. Ƙirji yana ji, haƙora suna ji, tafin ƙafa ma yana ji. Ranar farko da na shiga, na zaci ginin zai rufto mana.

Tsakanin dandamalin makaɗa da jama'a akwai wani siririn lungu da aka tokare da shingen ƙarfe. Nan ne wurinmu. Dokar farko ita ce ka ba makaɗa baya, ka fuskanci mutane. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, amma a wannan lungu waiwaye laifi ne, don a ƙiftawar idon da ka juya wani zai iya faɗuwa a tattake shi. Shekara goma sha huɗu Lawali ya yi a lungun nan. Makaɗan da mutane ke kwana a layi don su gan su, shi taku biyu ne tsakaninsa da su, guminsu har yana zubo masa a ƙeya, amma bai san fuskar ko ɗaya ba.

Sai dai ya san duk abin da suke yi. A fuskokin jama'a yake gani. Idan bakuna suka buɗe gaba ɗaya, ya san mai jita ya durƙusa. Idan idanu suka koma gefe guda, ya san mawaƙi ya nufo bakin dandamali, sai ya dafa shinge, don turereniya na tafe. Abin da ya koya mini tun makon farko har yau yana kaina. Ya ce, “Haruna, rabu da masu tsalle, mai tsalle lafiyarsa lau. Wanda ya daina tsalle za ka nema.” Haka muke yi. Mu miƙa ruwa a ƙananan kofuna, mu tari waɗanda ake miƙowa bisa hannuwa kamar buhun hatsi, mu ciro wanda numfashinsa ya ɗauke mu tsallakar da shi shinge.

Ana raba mana abin toshe kunne, ɗan soso rawaya. Lawali yakan sa na dama ya bar na hagu a aljihu. Shugabanmu ya yi faɗa har ya gaji. Shi kuwa cewa yake idan ya toshe duka biyu ba zai ji mai neman ceto ba. A hankali kunnen hagun ya mutu, na daman ma ya fara rauni, har ya zama sai an ɗaga murya a gida.

Ban taɓa jin ya yabi kiɗan ba. Yakan ce injin niƙan unguwarsu ta Birni a Damagaram ya fi shi daɗin ji. Amma ba ya yarda a zagi masu kallon a gabansa. Wani ɗan'uwanmu ya taɓa kiran su mahaukata, sai Lawali ya ce masa ya taɓa ganin dattijo mai furfura ya riƙe shinge yana kuka kamar yaro saboda waƙa ɗaya, kuma bai san abin da ke cikin zuciyar mutumin ba, don haka ba shi da ta cewa. Nakan tuna kuma yadda yake sallar magariba a lungun baya, tsakanin akwatunan kayan kiɗa, da yadda wani ƙaton Bature mai zanen tawada a fata har wuya yake ture akwatunan ya buɗe masa wuri ba tare da an roƙe shi ba.

Da ciwon zuciya ya kwantar da shi, ya kira ni asibiti ya ba ni amanar ƴarsa ɗaya tilo, Ramatu, lokacin tana da shekara goma sha uku. Bayan an yi sadakar arba'in, mahaifiyarta Hajiya Rabi ta koma Lyon wurin yayanta Alhaji Mamman, mai shagon kayan abinci a unguwar Guillotière. Ni ma gwiwa ta hana ni tsayuwar lungu, na koma gadin kanti.

Nakan tambayi kaina me Lawali zai ce da ya ga zaurukan yau. Abokanmu da ke can suna ce mini yanzu da an kashe fitila sai wayoyi su tashi sama kamar karan dawa, kowa ya ɓoye fuskarsa a bayan tasa. Ina jin wannan zai dame shi fiye da ƙarar, domin fuska ce littafinsa. Amma tambayar da ta fi wannan nauyi ba ni na yi wa kaina ita ba. A bazarar nan aka kawo mini ita.

Hajiya Rabi ce ta kira. Bayan mun gaisa ta ce Ramatu, da ke karatun injiniya a Villeurbanne, gefen Lyon, ta shiga wata ƙungiyar ƴan makarantarsu tana buga musu ganguna, kuma kiɗan nan dai na rok. Magana ta kai bakin mata a wurin suna. Alhaji Mamman ya ce ko ta bari, ko ta bar masa gida. Ramatu ta ce ba kawunta ne ya haife ta ba, amma idan na ce mahaifinta ba zai yarda ba, za ta ajiye sandunan gangar. Shi ma Alhaji ya ce ya yarda da hukuncina, don ya tabbata ya san abin da zan faɗa. Kowa ya zuba mini ido in yi magana da bakin mamaci.

Na yi kwanaki ina juya abin. In na ce ba zai yarda ba, ina da hujjar injin niƙa. In na ce zai yarda, ina da hujjar dattijo mai kuka. Ko wanne na ɗauka, na san ra'ayina zan sa wa rigar Lawali, shi kuwa ba ya nan balle ya ƙaryata ni. Sai na ce musu gani ya kori ji, ba zan ce komai ba sai na je.

Na hau jirgin ƙasa zuwa Lyon ran Asabar. Wasan a filin makarantarsu aka yi, bayan la'asar, rana na nan sama. Ramatu ta tarye ni a tashar taram, ƙaramin jirgin ƙasa na kan titi, da ɗankwalinta da takalmin ƙwallo, tana haɗa Hausa da Faransanci. Ta kira ni baffa da Faransanci, ta ce, “Tonton, yau kai baƙo ne, ba mai gadi ba. Ka samu wuri ka kalla kamar kowa.” Na ce to.

Amma hali zanen dutse. Da aka fara, sai na tsinci kaina a ƙarshen shinge, na ba dandamali baya, ina bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Masu gadin wurin biyu ne kawai, kuma dukansu sun juya suna kallon makaɗa suna kaɗa kai. Kiɗan bai canja ba, ƙirjina ya gane shi tun bugun farko. Ana cikin waƙa ta huɗu na hango wata yarinya a tsakiya ta daina tsalle, kanta ya langaɓe, waɗanda ke gefenta ba su lura ba. Na yunƙura, gwiwa ta ƙi ba ni sauri. Kafin in yi taku uku, sai gangunan suka tsaya cak. Mai jita ya ɗan ci gaba shi kaɗai, shi ma ya yi shiru.

A nan ne na waiwaya, karo na farko a rayuwata ana tsakiyar wasa. Ramatu na tsaye bayan gangunanta, ta miƙa sanda tana nuna wurin, tana cewa a buɗe hanya, a kawo ruwa. Ba ta zauna ba sai da aka fito da yarinyar aka ga ta buɗe ido. Sannan ta haɗa sandunan sau huɗu, kiɗa ya tashi daga inda ya tsaya. Na kalli sauran wasan har ƙarshe. Abin da ban taɓa lura da shi ba a duk shekarun nan shi ne, mai ganga da mai gadi wuri ɗaya suke fuskanta. Abin da Lawali ya yi shekara goma sha huɗu yana kallo, shi ƴarsa take kallo daga kan kujerarta.

Washegari muka zauna a falon Alhaji Mamman. Na ce musu ban san abin da Lawali zai ce game da kiɗan ba, kuma ba zan sa masa magana a baki ba, don ranar gobe ƙiyama za mu haɗu. Abin da na gani kawai zan faɗa, na kuwa faɗa. Alhaji ya ce wannan ba hukunci ba ne, labari ne. Na ce shi nake da shi. Hajiya Rabi ta murza bakin mayafinta. Can ta dubi ƴarta ta ce, “Ki gama karatunki. Kuma ki riƙa toshe kunnuwan nan, duka biyun. Na yi shekara shida ina yi wa ubanki ihu a cikin gida, ba zan sake da ke ba.” Alhaji ya tashi ya sauka shago. Har yau bai sa albarka ba, amma bai sake maganar barin gida ba.

Lawali bai bar wa iyalinsa gida ba, bai bar musu gona ba, ko hoto ɗaya bai ɗauka da waɗancan mashahuran ba. Sunansa ba ya kan kowace takardar talla. Akwai dai mutane a garin nan, yanzu wasu da ƴaƴansu, da suka taɓa farfaɗowa a hannun wani baƙin mutum da ba su tambayi sunansa ba. Akwai ni, da har yau idan na shiga jirgin RER, jirgin ƙasan da ke kai mu Paris, nake duba wanda ya yi shiru fiye da kima. Akwai kuma yarinyar da za ta iya yanke waƙa a tsakiya saboda mutum ɗaya ya daina tsalle. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Allah Ya jiƙan Malam Lawali, Ya sa ya huta, Ya dube shi yadda ya dubi bayinSa.