Baƙuwar da Ta Zo Ganin Sunan Ubanta

Kwanakin baya na raka wata maƙwabciyata wajen masu buga takardu, sai na ji wani dattijo a gindin bishiya yana buga tafireta, irin ta dā mai 'yar ƙararrawa a ƙarshen layi. Na ɗauka irinta ta ƙare a duniya. Nan take na tsaya ina sauraro, don ƙarar ta mayar da ni tsakar gidanmu a Ɗan Iya, cikin wata damina, ina 'yar firamare, lokacin ba a daɗe da mai da Bauchi babban birnin jiha ba.

Mahaifina akawu ne a wani ɗan ofishi mai kula da sha'anin tsofaffin sojoji. A waccan shekarar aka ɗora masa aikin da ya rame a kansa. Aka ce ya tattara sunayen mutanen ƙasar Bauchi da suka mutu a yaƙin Turawa, can Burma, wadda tsofaffi ke kira Boma, domin a sassaƙa su a jikin dutse a kafa a harabar ofishin. Kuma ba a nan aikin ya tsaya ba, sai ya nemo dangin kowane mamaci an gayyace su ranar buɗewa. Turawa sun rubuta sunayen yadda kunnensu ya jiyo musu, duk a karkace, saboda haka sai Baba ya hau babur ya bi ƙauyuka cikin taɓo, yana tambayar masu unguwanni da tsofaffin mata, yana juya suna a bakinsa har wani ya ce, “Af, ai wane kake nufi.” Idan ya dawo da yamma, wandonsa jage-jage, sai ya shimfiɗa tabarma ya ɗora tafiretar a kan akwati ya yi ta bugu har a kira magariba.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na Kakana, mahaifin Innata, kuma an fasa 'yar ƙofa a jikinta. Ni a can na fi zama. Kaka mai gyaran kekuna ne, a ƙofar zaurensa yake aiki, kullum yana warin baƙin mai da gam ɗin faci. Yana ɗingisa ƙafar hagu, yana kuma da tabo tun daga wuya har ƙarƙashin riga, wanda aka ce mana hatsarin mota ne. Idan ka tambaye shi garinsu sai ya ce, “Kudu,” ya ci gaba da ɗaure sarƙa. Abin da muka sani shi ne ya zo Bauchi yana saurayi, ba shi da kowa, wani malami ya karɓe shi, ya musulunta a hannunsa, ya raɗa masa suna, daga baya ya aura masa 'yarsa, wato kakarmu da muke kira Iya. Ba wanda ya taɓa ganin abin mamaki a ciki, garin cike yake da irinsu.

Tsakaninsa da mahaifina kuwa akwai kunyar surukuta mai kauri. Baba zai durƙusa daga nesa ya gaishe shi, kansa a ƙasa, ya tashi ya wuce. Ban taɓa ganin sun zauna a tabarma ɗaya ba. Kullum Kaka yana jin tafiretar ta bayan katanga, bai taɓa tambayar me ake bugawa ba, shi kuma Baba bai taɓa faɗa masa ba.

Ana gobe za a buɗe dutsen, bayan azahar, ruwa na yayyafi, Baba ya shigo da wata baƙuwa. Doguwar mace ce, ta ɗan girmi Innata, ta ɗaura zane irin na matan zumuntar coci, da ƙullin acca a ka. Ya ce daga wani ƙauye take a cikin duwatsun kudancin jiha, ita kaɗai ta rage wa ɗaya daga cikin mamatan, kuma ba ta san kowa a gari ba. Gidanmu babu ɗakin baƙi, sai Inna ta kai ta ɗakin Iya.

Da ruwan ya ɗauke, matan suka fito tsakar gida suna tsinkar zogale, ƙasa na ta ƙamshi. Baƙuwar mai sakin jiki ce, Hausarta irin ta mutanen can, ba ta damu da bambanta mace da namiji a magana ba. Ta ce ba ta san ubanta ba, tana goye aka tafi da shi. Ta ce wata rana wani ɗan sanda ya zo ƙauyensu ya ce ya mutu, aka yi kuka aka gama, ba gawa ba kabari. Uwarta ta auri ƙanensa, ta haifa masa 'ya'ya, ita kuma ta tashi a gidan tana cin abinci daga ƙarshe.

“Ni dai in ga sunan da idona,” in ji ta, “in sa hannu a kai. Shi ne kabarinsa a wurina.”

Iya ta tambaye ta sunan, ta faɗa, wani suna na yarensu da ban taɓa ji ba, ta haɗa da sunan ƙauyen.

A daidai lokacin Kaka yana bakin zaure daga ciki, yana wanke hannu a kwano. Na ji kwanon ya faɗi yana juyawa a ƙasa. Da na waiga ya riga ya ba mu baya. Ya shige ɗakinsa, bai fita masallaci ba, tuwonsa kuma haka na ɗauko shi bai taɓa ba. Iya ta ce ƙila zazzaɓin damina ne.

Da safe sai ga shi ya fito cikin farar rigarsa ta Idi. Mutumin da ko ɗaurin aure sai an yi da gaske yake zuwa, ya ce zai je wajen taron. Iya ta bi shi da kallo baki buɗe. Ya kama hannuna muka tafi a ƙasa.

An kafa rumfa a harabar ofishin, an lulluɓe dutsen da farin ƙyalle. Tsofaffin sojoji sun jeru a gaba, lambobinsu a ƙirji, wasu da sanda, wasu an riƙo su. Dangin mamata suna gefe ɗaya, mu 'yan kallo muna baya. Baba yana tsaye kusa da dutsen, ya rungume takardunsa, fuskarsa cike da jin daɗin wanda ya sauke kaya. Aka yi addu'a ta Musulmi da ta Kirista, aka busa begila, wani hafsa ya janye ƙyallen ya fara kiran sunaye. Duk sunan da aka kira, danginsa sai su miƙe, a yi shiru kaɗan, su zauna.

Aka zo kan sunan uban baƙuwarmu. Ta miƙe tana gyara zane.

Sai Kaka ya saki hannuna ya miƙe shi ma. Ya haɗa dugadugansa, ya miƙar da bayan da na saba gani a sunkuye, ya ɗaga wata murya da ban san yana da ita ba, ya jero wasu lambobi da Turanci, sannan ya ce, “Ga ni, ranka ya daɗe. Ban mutu ba.”

Ban san yadda zan kwatanta maka shirun da ya biyo baya ba. Har ɗigar ruwa daga bakin rumfa ana ji. Wani mutum a bayanmu ya kama rigarsa yana cewa, “Baba, zauna, zauna,” don ya ɗauka tsufa ne ya taɓa shi. Ni kunya ce ta fara kama ni, ina so ƙasa ta tsage in shige. Amma da na dubi mahaifina sai na ga ya duba takardar hannunsa, ya ɗago ya dubi surukinsa ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba, ya sake duba takardar. Lambar soja ce Kaka ya faɗa, kuma ita ce a rubuce. Takardun suka zube daga hannun Baba cikin ruwan da ya kwanta.

Kaka ya juya wajen baƙuwar ya yi mata magana da wani yare. Tun da aka haife ni ban taɓa jin komai a bakinsa ba sai Hausa. Maganar ba ta da tsawo. Daga baya ne na ji cewa sunan da uwarta ke yi mata rawa da shi tana jaririya ya kira, sunan da ba a rubuta a ko'ina ba. Ta yi wata ƙara, ta zube zaune a taɓo da sabon zanenta, ta ɗora hannu biyu a ka. Wasu mata suka watse da gudu suna salati, wata tsohuwa tana cewa fatalwa ce. Hafsan ya tsaya da baki buɗe, bai ƙarasa sauran sunayen ba sai da aka ɗauki lokaci.

A zauren gida aka zauna bayan azahar, ni ina maƙale a bayan Iya. Kaka ya yi magana kansa a ƙasa. Ya ce an harbe shi a daji, 'yan ƙungiyarsa suka bar shi a matacce, wasu sojoji dabam suka tsince shi. Ya daɗe a asibiti a wata ƙasa, bai dawo ba sai da kowa ya gama dawowa. Da ya iso kasuwar da ke kusa da ƙauyensu, ya rame ya sauya kama, ba wanda ya gane shi. A nan ya ji an yi makokinsa, matarsa tana gidan ƙanensa da goyo a baya. Ya ce ya hau dutse ya hango rufin gidansu har rana ta yi sanyi, ya ga in ya sauka gida biyu zai rushe, sai ya juya.

Baƙuwar ta daɗe tana kallonsa, idonta a bushe.

“Ka hango gidan,” ta ce. “Ni fa? Ina ciki.”

Inna ce ta fashe da kuka, ita da jiya ta zuba wa wannan mata ruwan wanka ba ta san yayarta ba ce. Iya kuwa ta tashi ta shige ɗaki. Shekara da shekaru tana kwana da mutum, ba ta san ainihin sunansa ba. Ta yi kwanaki ba ta ce masa uffan ba, abinci ma ni take ba in kai masa. Washegari da sassafe baƙuwar ta tafi tasha ba ta yi masa sallama ba.

Sauran wahalar a kan mahaifina ta faɗa. Shi ya buga sunan surukinsa cikin matattu, yanzu kuma shi zai fitar da shi, ga shi a wajen hukuma mutumin da aka rubuta ya mutu ba ya tashi don kawai ya miƙe tsaye. Aka ce sai shaidu, sai likita ya duba tabon, sai an ji bayani daga bakinsa. Haka Baba ya ɗauko tafireta ya kawo zauren Kaka, suka zauna a tabarma ɗaya, yana tambaya, Kaka yana amsawa. Daga ranar kunyar nan ta ragu, har sukan yi hira. Bayan girbi aka sa magini ya kankare sunan daga jikin dutsen, wurin ya zama fari fat a tsakiyar layi. Da aka gaya wa Kaka sai ya ce, “Da kun bar shi. Ai yaron nan da gaske bai dawo ba.”

Baƙuwar ta dawo, amma sai da shekara ta zagayo. Ta zo da babban ɗanta, ta zauna a bakin zaure tana kallon Kaka yana facin taya, ba su cika magana ba. Ban taɓa jin ta kira shi Baba ba, “tsoho” take ce masa har ya rasu. Amma ranar da ya rasu ita ta zauna a kan tabarmar makoki, Inna a gefenta, duk wanda ya shigo ta'aziyya Iya sai ta nuna ta ta ce, “Ga babbar 'yarsa nan, ku fara da ita.”

Yanzu ofishin ya tashi daga wurin, an jera shaguna a gaban harabar, dutsen yana baya inda masu Keke Napep ke hutawa, suna jingina da shi suna latsa waya. Ba na jin akwai wanda ya taɓa tambayar dalilin giɓin da ke tsakiyarsa. A zamanin nan mutum ba ya iya ɓacewa haka, ko ƙauye ya shiga wani zai ɗauki hotonsa kafin yamma. Jikokin baƙuwar nan suna zuwa mana da Salla, mu ma muna zuwa musu da Kirsimeti, yaranmu sun ɗauka haka abin yake tun asali. Ni kuwa yau na girmi yadda take a ranar da ta zube a taɓon nan, na haifa, na goya, kuma har yanzu in na tuna tambayar da ta yi masa a zaure, ba na samo masa amsa.