Maƙerin da Bature Ya Sauya wa Suna

Lado ɗan Inusa maƙwabcina ne a Unguwar Dinya, ƙauyenmu na dā wanda yanzu yake kwance ƙarƙashin ruwan Tiga. Danga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu, kuma sa'o'in juna ne ni da shi. Maƙera ne kaka da kakanni. Inusa ya gaji ƙira a wurin ubansa Jibrin, shi kuma a wurin nasa uban, har inda tsofaffi suka daina tunawa. Lado gajere ne mai faɗin kafaɗa, damtsensa duk tabon tartsatsi. Ba shi da yawan magana, amma yana da zuciya, kuma kowa ya san haka. Idan ya ƙera maka fartanya ka dawo ka ce ta yi nauyi, sai ya fizge ta ya wurga bayan danga, ya ce ka je kasuwa ka nemi ta gwangwani. Bayan kwana biyu kuma ka tarar da wata sabuwa jingine a ƙofar gidanka, daidai hannunka.

A shekarar 1972, lokacin da aikin madatsar ruwa ya kankama, wani ɗan kwangila ya kafa sansani a gefenmu yana fasa dutse. Leburorinsa sun yi yawa, digoginsu kullum dakushewa suke yi. Heluma, wato shugaban leburorin, ya zo har gida ya nemi Lado ya riƙa kaifafa musu kayan aiki. Ni ma a lokacin na shiga aikin ɗaukar tsakuwa saboda rani ne, don haka a gabana aka yi abin da zan faɗa.

Wani Bature ne yake rubuta sababbin ma'aikata, dogo mai jan wuya, yana zaune a ƙarƙashin rumfar kwano, tafinta na tsaye a gefensa. Da layi ya zo kan Lado, tafinta ya tambaye shi sunansa.

"Lado Maƙeri," in ji shi.

Bature ya nemi a gaya masa ma'anar maƙeri. Da tafinta ya gaya masa, sai ya tuntsire da dariya, ya bugi ƙirjinsa, ya nuna Lado, ya sake nuna kansa. Tafinta ya ce, "Ya ce kai ɗan'uwansa ne. Shi ma sunansa ke nan a yarensu, Simit." Bature ya yi rubutu a kati ya miƙa masa, yana ta dariya. Lado ya yi allo, amma bai yi boko ba. Ya ninke katin ya sa a aljihu, bai san cewa Lado Smith aka rubuta ba.

Kafin mako ya zagayo, duk sansanin Simit suke kiransa. Ba ya amsawa. Wanda ya matsa masa, sai ya bar digarsa a ƙarshen layi har yamma. Mun ɗauka wasan wurin aiki ne, zai ƙare ranar da aikin ya ƙare.

Da aka zo ƙirga gidajen da za a tayar, muna can wurin dutse. Masu ƙirgar suka tsaya a ƙofar gidan Lado, suka tarar da matarsa Uwani. Ta ƙi faɗin sunan mijinta don kunya, kamar yadda kowace matar kirki za ta yi. Suka ce ko akwai wata takarda tasa. Ta shiga ɗaki ta ɗauko tsohon katin, don a lokacin an riga an ba shi na ƙarfe mai lamba da yake ratayawa. Suka kwafe abin da ke jiki suka wuce.

Ba mu san ɓarnar da aka yi ba sai a farkon 1974, ranar rabon filaye a sabon matsuguni. Muka taru a gindin wata kuka, dagacinmu na zaune a kujera, wani akawu mai suna Labaran yana kiran sunaye daga babban littafi. Duk wanda aka kira, a nuna masa filin gida da na gona. Aka kira ni. Aka kira mutanen da suka zo ƙauyenmu shekara biyar da ta wuce. Aka rufe littafi ba a kira Lado ba.

Ya matsa gaban tebur ya yi gaisuwa, ya ce, "Malam, ban ji nawa ba."

"Wa ke nan?"

"Lado ɗan Inusa, gidan maƙera, kusa da masallaci."

Labaran ya sake buɗe littafin, ya bi shafuka da yatsa. "Gidan da ke kusa da masallaci, Lado Simit aka rubuta. An soke shi. Baƙo ne, cikin mutanen Ikko da kamfani ya zo da su. Ba a ba baƙi gona."

"Ni ne baƙon?"

"Ni ban ce kai ba ne. Littafi na karanta maka."

Dagaci ya miƙe ya ce a gabansa aka raɗa wa Lado suna, kuma shi ya yi wa Inusa sallar jana'iza. Mutane suka ɗauki hayaniya. Labaran bai ko ɗaga kai ba. Ya ce littafin nan kwafi ne, uwarsa tana Kano, kuma shi ba a ba shi ikon goge ko harafi ɗaya ba. Na ga jijiyar wuyan Lado ta tashi, na riƙe masa hannu. Ya ce da akawun, "Kai da bakinka kake yi mini Hausa, ina mayar maka. Dubi fuskata. Dubi hannuna. Wane mutumin Ikko ka taɓa gani haka?" Labaran ya sa littafinsa a jaka ya hau babur.

Har gobe idan na tuna ranar nan raina ɓaci yake yi. Mutum ɗari sun tsaya sun ba da shaida, takarda ɗaya ta ƙaryata su duka.

Washegari muka ɗauki keke muka tafi Kiru wurin Malam Rufa'i, wani malamin firamare ɗan ƙauyenmu, don Lado ya ce sai ya san mene ne wannan abin da aka liƙa masa. Malam Rufa'i ya juya katin, ya yi ajiyar zuciya. Ya ce gaskiya ne, kalmar maƙeri take nufi, mai dukan ƙarfe. Ya ce a zamanin dā kowane ƙauye na Ingila yana da maƙerinsa, ana kiransa da sana'arsa kamar yadda muke cewa wane Majemi ko wane Masaƙi. Daga baya sunan ya zama na gado, ɗa ya ɗauka, jika ya ɗauka, ko da ya bar sana'ar. Shi ya sa a ƙasarsu babu sunan da ya kai shi yawa, haka ma a Amurka.

"To, me ya kawo mutanen Ikko ciki?" in ji Lado.

Malam Rufa'i ya miƙa masa katinsa. Ya ce akwai baƙaƙen fata da yawa masu sunan, a Ikko da Saliyo da can ƙetaren teku. Wasu a wurin 'yan mishan kakanninsu suka samo shi. Wasu kuma kakanninsu bayi ne, suka tashi da sunan wanda ya mallake su.

Lado ya miƙe tsaye har kujerar ta faɗi. "Wato sunan da ake sa wa bawa ne Baturen ya sa mini?"

"Ba haka nake nufi ba, Lado. Shi a ganinsa girmama ka ya yi."

"Ya tambaye ni? Ubana ya yanka rago ya sa mini suna. Shi me ya yanka?"

Daga nan bai koma gida ba sai da ya biya maƙera ya ɗauki masabarsa, babbar gudumar da ya gada, ya nufi sansani. Na bi shi da gudu don na ɗauka kisan kai zai yi. Muka tarar da Baturen yana duba wata mota. Lado ya dire masabar a gabansa, ya ce da tafinta, "Gaya masa ya ɗauka. In maƙeri ne, ga ƙarfe can, ya fitar mini da lauje."

Bature ya yi yaƙe. Ya ce shi bai taɓa ƙira ba, ubansa ma ma'aikacin jirgin ƙasa ne, wataƙila wani kakansa na can nesa ne ya yi.

"To gaya masa shi ne ya ari sunan da ba nasa ba. Ni nawa na gaskiya ne, ya karɓe ya ba ni na bogi, yanzu an hana ni gona."

Da tafinta ya warware masa zancen, fuskar Baturen ta ƙara ja. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya ji kunya. Ya shiga ofis ya buga wasiƙa, ya ce a kai wa masu rabon fili, ya miƙo hannu su gaisa. Lado ya karɓi wasiƙar ya bar hannun a miƙe.

Wasiƙar ba ta yi amfanin komai ba. Labaran ya karanta ya ce ai wannan ma ƙarin shaida ce cewa mutumin kamfani ne. Muka je Kano sau uku. Wani ofis ya tura mu wani, wani ya ce mai sa hannu ya tafi kwas. A zuwa na uku ne wani babba ya kawo abin da ya kira sauƙi. Ya ce akwai 'yan filaye da aka ware wa baƙin da suka daɗe. Idan Lado ya dangwala yatsa a ƙarƙashin sunan da ke littafi, za a ba shi gida da ƙaramar gona a makon nan.

"In dangwala in ce ni baƙo ne?"

"Takarda ce kawai, malam."

"Takardar ce ta kawo ni nan."

Ya ƙi. Da muka dawo gida Uwani ta ji, sai aka yi rigimar da ban taɓa ji a gidan ba cikin shekara goma sha biyar. Ta kan danga nake jin muryarta.

"Malam, suna za mu ci? Damina ta kusa, ruwa yana tahowa, kowa ya kafa bukkarsa. Mu a ina za mu sa yara?"

"Ke kika ba su katin."

"Na ba su! Na san abin da ke ciki? Kai da ka ajiye shi shekara biyu a ƙarƙashin tabarma, ka sani?"

Ta fi shi gaskiya a nan. Amma bai sauya ba. Ni ma na roƙe shi. Na ce ya dangwala, mu da muka san shi mun san shi. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya ce, "Kai ma, Habu? Ranar da na mutu, jikokina su buɗe littafi su ga kakansu da hannunsa ya yarda shi ba ɗan kowa ba ne?"

Mu muka tashi, shi ya zauna. Shi ne na ƙarshe a Unguwar Dinya. Sai da ruwa ya cinye fadama ya fara lasar maƙabarta, inda Inusa da Jibrin suke kwance, sannan ya nemi amalanke. Na koma na taya shi, mu huɗu muka ɗaga uwar maƙera, ƙaton ƙarfen da ake dukan aiki a kai, muka ɗora. Kafin ya kashe wutar maƙerar, ya jefa katin da wasiƙar Baturen a ciki, ya ja zugazugi har suka zama toka. Na ce masa wasiƙar za ta iya amfani wata rana. Ko kallona bai yi ba.

Bai bi mu sabon matsuguni ba. Ya yi kudu, ya sauka a Burumburum ta ƙasar Tudun Wada, inda wani ɗan'uwan uwarsa ya ba shi zaure da ɗaki biyu. Can ya sake kafa wuta. Fulanin da ke kiwo wajen Falgore suka gano shi, suna kawo masa aikin gatari da adda, manoma kuma garma da lauje. Bai rasa abinci ba, amma maƙerin da ya tashi da gonar gado ya koma aron gona kowace damina. Uwani ta bi shi, sai dai ta yi kusan shekara ba ta yi masa magana in ba ta zama dole ba. Sunan ma bai bar shi ba. Wata ranar kasuwa wani direba da ya san shi a sansani ya ƙwala masa kira da shi a tsakiyar mutane. Lado ya ajiye abin da ke hannunsa, ya shaƙe shi, sai da mutum biyar suka ɓamɓare shi. Ya kwana biyu a tsare kafin dattawa su sasanta.

Malam Rufa'i ne bai gaji ba. Shi ya yi ta rubuta takardun koke, shekara huɗu cur. A 1978 amsa ta zo cewa an gano kuskure, an gyara. Layi biyu ne kacal, babu ko ban haƙuri. Labaran kuwa a lokacin an ƙara masa girma ya koma birni. Na je Burumburum da kaina na taho da Lado don a nuna masa gonarsa. Duk ƙasa mai kyau an riga an rabe ta. Abin da ya rage wani tudu ne mai tsakuwa, nesa da ruwa, ko ƙaya ba ta son fitowa a kai. Ya zagaya shi sau ɗaya, ya sa ƙafa ya ture wani dutse.

"Karanta mini abin da suka rubuta," ya ce da Malam Rufa'i.

Ya karanta masa.

"Sake."

Ya sake. Lado ya karɓi takardar ya sa a aljihu, ya ce da ni in ina so in shuka gyaɗa a wurin, shi ba zai dawo ba.

Na tsare shi don ya ci abinci kafin ya hau mota. A lokacin na zama masunci kamar yawancinmu, don haka maiɗakina ta kawo tuwo da miyar kifi, manyan karfasa da na kamo da safe. Ya tambaya daga ina kifin yake. Na ce daga dam. Ya janye hannunsa daga kwanon, ya ce shi ba zai ci abin da ya yi kiwo a kan kabarin ubansa ba. Ya sha ruwan rijiya, ya yi mana sallama, ya tafi bakin titi jiran motar Tudun Wada.