Gadon da Ke Riƙe da Bango

A zamanin da na taso a Mubi, in aka sayar da gida, to an sayar da shi har da gadonsa da murhunsa da wurin jera tukwane, domin duk da ƙasa aka gina su, haɗe da bango. Mai tashi tabarmarsa da ƙorensa kawai yake ɗauka. Yanzu kuwa gida fanko ake saye, kowa ya kwaso kayansa a mota ya zuba. Na kwana a gidajen Garwa da Fort Lami, na yi zaman haya a Kano da Ikko, amma ban ga garin da wannan sauyi ya zo wa da gaggawa kamar namu ba. Ni kuwa a kaina ya sauka.

Gidanmu yana unguwar Kolere. Mahaifina baduku ne, iyayensa daga ƙasar Katsina suka zo, mahaifiyata kuma 'yar ƙabilar Gude ce, mutanen kan dutse, muna kiranta Dada. Ya sake gina gidan wajen lokacin ƙuri'ar raba-gardama ta farko, kowannensu ya sa abin da ya gada a ciki. Shi ya yi soro, ya manna farantan tangaran a rufin ɗaki don ado. Ita ta sa aka yi ƙofa gajeriya irin ta mutanen dutse, wadda sai ka sunkuya, da taga da ba ta fi tafin hannu biyu ba. A jikin bangon gabas na babban ɗaki aka gina gadon ƙasa, mai rami a ƙarƙashi inda ake tura garwashi lokacin sanyi. Duk wanda ya kwana a kansa sau ɗaya ba ya son tashi.

Bayan rasuwar mahaifina, da aka ƙirƙiro jihohi, sai aka mai da ni aiki Maiduguri. Idon Dada ya fara yana, ƙanwata tana aure a Sorau, ba wanda zai zauna da ita. Na ce ta bi ni. Ta ce ba za ta bar wa gara da jemagu gidan mijinta ba. Na ce a zuba 'yan haya. Ta ce ɗan haya ba ya yaɓe. Sai dai a sami wanda zai saya ya shiga da iyalinsa, ranar nan za ta ɗaure kayanta. Hutun wata ɗaya aka ba ni, ga damina ta ƙarato.

Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Tun da Mubi ta zama hedikwatar lardi ta cika da ma'aikata, kowa yana neman wurin zama. Na nemo wani tsohon dillali, mai Hausa rabi Fillanci rabi, ya zagaya gidan yana ta girgiza kai kamar ya zo gaisuwar mutuwa.

Mutumin da ya fara kawowa akawu ne a ofishin lardi. Bai dubi rijiya ba, bai dubi bishiyar mangwaro ba. Ya zaro wata igiya mai ƙulli biyu daga aljihu, ya gwada ta a ƙofar ɗaki tsaye da kwance.

“Gadon uwargida ba zai shiga ba,” in ji shi. “Na ƙarfe ne, mai rumfa.”

Na ce, “Ai kwance shi ake yi, a ɗaura a ciki.”

“To, a ɗaura a ina? Wannan kabarin ya cinye rabin ɗakin.”

Dada tana zaune a tsakar gida tana gyaran wake. Idonta ne ya raunana, kunnenta lafiya lau.

“Kai wannan,” ta ce da ni, don ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari, “raka baƙonka. Wanda ya kwanta a kabarin nan ya fi ubansa tarbiyya.”

Na kwashe kwana biyu ina ba ta haƙuri, kamar ni na faɗa.

Na biyun malamin makarantar mishan ne daga wajen Michika, dogo, mai fara'a. Na gaishe shi da harshensu, ya ji daɗi, na ce a raina wannan namu ne. Shigarsa ke nan ya buga goshi da ƙofa. Ya dafe wurin yana dariya, ya dubi gadon, ya shafa shi.

“Kai, Malam! Baba na yana da irin wannan a kan dutse. Don in gudu daga shi ne fa na yi karatu.”

Na bayyana masa yadda yake ɗumama ɗaki, na ce kuma kuɗin cizo ba ya samun maɓoya a jikinsa kamar yadda yake samu a katifar rimi.

“Na sani, na sani. Amma mata na yana ɗinki. Yana son taga babba, ya ga allura. Kuma faranti ɗin nan a sama, in ɗaya ya faɗo a kan yaro fa?”

Shekara tara farantan nan suna wurin, ko ɗaya bai motsa ba. A Garwa na ga Faransawa suna roƙo a bar su su ɗauki hoton irin wannan ɗaki. A nan kuwa 'ya'yan waɗanda suka ƙirƙiro shi ne suke kallonsa kamar abin kunya. Wasu huɗu suka zo bayansa. Ɗaya yana da kabad, ɗaya kujerun kushin, ɗaya ma bai mallaki komai ba tukuna, amma yana da niyyar saye, kuma ya san ba za su shiga ba. Mutum yana ƙin gida saboda kayan da ba shi da su!

Saura kwana goma hutuna ya ƙare, dillali ya ja ni gefe.

“Malam, ka ji maganar tsoho. Fasa gadon nan, ɓamɓare tangaran, faɗaɗa ƙofa. Wallahi jibi-jibi ka sayar.”

Na gaya wa Dada da lalama. Ba ta ɗaga murya ba.

“Gadon nan shi ke riƙe da bango. Rana ɗaya babanka ya tashe su.”

Na ɗauka maganar kewa ce irin ta tsofaffi. Ni da na ga benaye a Ikko, wa zai ce mini gado yana riƙe bango? Na jira ranar da ta tafi suna a maƙwabta, na kawo leburori biyu da diga. Kafin azahar sun gama. Da ƙura ta lafa na duba. Daga ƙasa zuwa tsayin gwiwa, bangon wurin bai fi taƙi ɗaya kauri ba. Mahaifina ya yi tattalin tubali a nan ne domin ya san gadon zai tokare shi. Kuma bangon gabas ne, inda hadari ke fara duka.

Na aika a kira magini, aka ce ya tafi gona, sai bayan kasuwa. Dillali ya ce a shafa farar ƙasa kawai, mai saye ba zai lura ba. Dada ta dawo, ta shiga ɗakin, ta lalubi wurin da ƙafarta, ta fito. Ta kwashe shimfiɗarta ta koma ɗakin girki. Daga ranar, abincina ma sai in tarar an ajiye an rufe.

Kwana uku bayan haka, da la'asar, ruwan farko ya sauko da iska. Muna fake a zaure muka ji ƙara kamar an sauke lodin itace. Bangon ya zauna, ya janyo azara biyu da rabin rufin, farantan mahaifina suka tarwatse cikin taɓo.

Da ruwa ya tsagaita Dada ta tsaya a bakin zaure ta daɗe tana fuskantar wurin.

“Ka gama?” ta ce.

Ba ta jira amsata ba.

“To, ɗauko mini akwatina. Gidan da nake gadi babu shi.”

Washegari sai ga dillali da murmushi har kunne, ya zo da wani Alhaji mai manyan motoci. Alhaji bai leƙa ɗaki ko ɗaya ba. Ya taka filin daga katanga zuwa katanga yana ƙirga taku, ya tambayi ko mota tana iya shigowa lungun da damina, sannan ya dubi ɓaraguzan ya ce, “Madalla, an rage wa yarana aiki.” Da ma rushewa zai yi ya sa bulo da kwano.

Na ce wa dillali, “Baba, tun farko me ya hana ka kawo wannan mutumin?”

“Ai na ga tsohuwa ba za ta yarda a rushe ba, Malam. Yanzu kuwa Allah ya yanke mana.”

Allah ya yanke! Da digar da shi ya sa na ɗauko. Na haɗiye abin da ya zo bakina saboda furfurarsa.

Aka yi ciniki a gaban mai unguwa. Na tambayi Dada ko ta yarda, tunda wannan ba zama zai yi a ɗakunanta ba. Ta ce in yi yadda na ga dama, ai na saba. Kwana biyu kafin hutuna ya ƙare muka hau motar Maiduguri, tana rungume da wata tsohuwar ƙwarya, ba ta waiwaya ba. Ta zauna da ni har ƙarshen ranta, kuma ba ta sake taka Mubi ba.

Daga wajen shekarun nan ban ƙara jin an kira magini a unguwarmu ya gina gado ba. Mai sayen tsohon gida a Kolere faɗin fili yake dubawa da kusancin hanya, abin da ke cikin ɗakuna ya daina shiga ciniki.