Allin Malam da Injin Norway

Shekarar da kamfaninmu na roba a Sharada ya sayo inji ɗan gwanjo daga Norway, mu biyu muka sa masa ido, ni da Malam, kuma mutum ɗaya za a danƙa wa. Ni in na rasa, sito za a tura ni. Malam in ya rasa sai sallama, don an riga an kwance tsohon injin da yake kula da shi. Dattijo ne mutumin Jigawa, karatunsa na allo, bokonsa bai wuce yaƙi da jahilci ba. Ni kuwa ga difloma, sai hura hanci nake.

Duk rubutun jikin injin da yarensu ne, kalmomi dogaye, ba wurin jan numfashi. Waya tana fassara min, amma ina mayar da ita aljihu komai ya bi iska.

Wata safiya na tarar da Malam a tsugune, ya kwafe kalmomin a siminti da alli yana datsa su.

"Malam, me kuke yi haka?"

"Farfaru nake, ɗan boko." Ya nuna min *oljepumpe* da *vannpumpe*. "Wutsiyarsu ɗaya, duka biyun kuma famfo ne. Na bi bututun wannan, mai ne a ciki, wancan ruwa. Ka ga *olje* mai, *vann* ruwa ke nan. Mutanen nan abin suke ajiyewa a ƙarshe, bayaninsa a gaba."

Da ya zo kan *kjølevannspumpe*, wato famfon ruwan sanyaya inji, sai ya tafa ta a cinya gaɓa-gaɓa, ya raba ta uku, ya zagaye wata *s* da ta rage a tsakani. "Wannan riƙo kawai take yi. Walda ce."

Wallahi kunya ta kama ni, kuma ya burge ni matuƙa. Kafin mako biyu, ko wace fitila ta kama a injin, Malam ya san inda zai kai hannu, ni ina laluben aljihu.

Manaja bai ga duk wannan ba, takarda yake gani. Ya kira ni ofis ya ce ni zai ba, sai dai in ina ganin tsohon zai iya. Ina son injin nan kamar me. Duk da haka na ce masa:

"Ranka ya daɗe, ku ba Malam. Ya fi ni karanta shi."

Shekara huɗu na yi a sito, wani lokaci har ina jin haushin kaina. Malam ya yi ritaya bai san an taɓa tambayata ba.