Teburin da Muka Yi wa Wanka

Shekarar da council, wato ƙaramar hukuma, ta rage ma'aikatan kula da tsofaffi, ina cikin waɗanda aka sallama. Ranar da na je sallama da wata tsohuwar Baturiya da nake kula da ita a Gorton, sai ta ba ni ƙaramin tebur baƙi ƙirin, ƙafafunsa na tagulla masu siffar dagin zaki. Na karɓa don kunya kawai. A gida ko da almuru ba zan bari baƙo ya ga wannan tsohon abu a falona ba.

'Yata da ke karatu a Birmingham ta ga hotonsa ta kira ni tana haki.

"Mama, wannan Regency ne, aikin zamanin da, ya kai shekara ɗari biyu! Akwai wani collector mai sayen tsofaffin kaya a nan Edgbaston, ya ce mu kawo ranar Asabar."

Ba aiki, sanyi ya kawo kai, ga arziki yana zaune a bayan ƙofata. Har rawa na taka a kicin.

Amma ni ba a haife ni in kai wa mutum kaya da dauɗa ba. Na kira maƙwabciyata, 'yar Kumasi, muka zage. Lemon tsami da soson ƙarfe muka sa wa tagullar har ta koma kamar zinare. Katakon muka kankare, muka shafa masa vanish, man sa katako ƙyalli, hannu biyu. Tana gogewa tana cewa, "Yaya, Baturen nan sai ya ƙara miki kuɗin wanki."

A jirgin ƙasa zuwa Birmingham na rungume shi cikin zanen gado kamar jariri.

Mutumin dattijo ne mai sanyin murya. Da na yaye zanen sai ya dafa bango. Ya tambaya wa ya taɓa shi, na buga ƙirji na ce ni ce. Ashe baƙin nan da muka kankare shi masu tara irin kayan suke saye. Ya kwanta a ƙasa, ya leƙa ƙarƙashin teburin inda hannunmu bai kai ba, ya daɗe yana shafawa. Sannan ya ba mu shayi, ya ce ba zai iya saye ba.

A tasha dariya ta kama ni da 'yata har muna riƙe juna. Sai da jirgi ya tashi, ni kaɗai da tebur a cinya yana ta ƙyalli, na tuna ranar Litinin ba ni da inda zan je.