Hannun Kawu Sale

A unguwar Akébé na girma, a bayan shagon mahaifina. Bayan sallar magariba Kaka, mahaifiyar Innarmu, takan zauna gaban murhun gawayi tana gasa ayaba, mu jikoki mu kewaye ta. Labarin da ta fi maimaita mana na ɗanta ne, Kawu Sale, alhali yana zaune a bakin ƙofa, hannun damansa a shanye bisa cinya.

Kawu mai gyaran kilim ne a da, wato na'urar sanyaya ɗaki. Wata rana aka kira shi wani gida a unguwar Batterie IV, na'urar ta ƙi tashi. Ya bi siraran wayoyin da ke fitowa daga abin saita sanyi na bango, waɗanda wutarsu ba ta kisa, yana taɓa su da yatsa kamar yadda ya saba. Bai san cewa abokin aikinsa Ɗanlami ya riga shi zuwa gidan ba. Da Ɗanlami ya ga wuta na yawan yankewa, sai ya datse wayar ƙasa, wadda ke kwashe wutar da ta zubo a jikin ƙarfe, ya yi tafiyarsa. Kawu ya fita baranda da jiƙaƙƙen silifa, ya dafa ƙarfen injin kilim ɗin da ke waje. Wuta ta riƙe shi.

A nan Kaka takan miƙe, ta karkace baki, ta kaɗa hannu. "Ga gwani yana rawa babu kiɗa," in ji ta. Mu yi ta dariya har da faɗuwa. Kawu ya sunkuyar da kai yana jan carbi da hagu. Ɗanlami kuwa, wanda ya gaje masu ba Kawu aiki, kan zo gaishe da Kaka ranar Juma'a, ta sa masa albarka.

Yanzu ni ma sana'ar nake yi, kuma ba na taɓa inji sai na gwada wayar ƙasa da mita. Bayan rasuwar Kawu na tambayi Kaka me ya sa ta riƙa yi masa haka. Ko kallona ba ta yi ba.

"Shi ya riga ya lalace. Ku nake ceto."

Na daɗe ina juya wannan magana. Hannuwana biyu lafiya lau suke, gaskiya ne. Amma har Kawu ya koma ga Allah, babu jika ko ɗaya da ya taɓa zama kusa da shi ya tambaye shi ko hannun na masa ciwo.