Jan Fentin Katangar Inna

Mun tashi daga Gusau ana sallame asuba, ni da ƙanena, za mu Gummi duba Inna mahaifiyarmu kafin damina ta sauka. Kuɗin mota ya hau sosai, amma direban ya cusa mu huɗu a baya, har da buhun albasar wani a kan gwiwata. A Anka muka karya da waina da miyar taushe, muna kallon 'yan haƙar zinariya suna ɗaure buhuna a babura za su Bagega. Daga nan har mararrabar Bukkuyum babu mai hira. Kowa idonsa na kan daji, bakinsa na motsi.

Da hantsi muka shiga unguwarmu. Shekara huɗu ke nan da masu awo suka zo suka ce za a faɗaɗa titi, a yi magudanar ruwa, suka shafa jan fenti a katangar duk gidan da aikin zai ci, wai da shi za a gane waɗanda za a biya diyya. An haƙa rami daga bakin kasuwa, an jibge tsakuwa, shi ke nan. Tsakuwar yanzu awaki ke kwana a kai.

A al'adar garinmu, ana yi wa ginin ƙasa yaɓe kowace bazara. Tun da aka shafa fentin nan mutanen layinmu suka daina, wai wa zai yi wa abin rushewa ado? Katangar Inna, wadda ita ce bayan ɗakin kwananta, ta zaizaye, ta tsage har hannuna na shiga. Na ji tsoro, na kuma ji kunya.

Na ce gobe za mu kira magina. Ta ce, "A'a, ɗana. In kunka rufe jan, su zo su ce ba su san da gidana ba hwa? Ina ni kai kuka?"

Na so in yi faɗa, amma da wa? Na tarar da ɗaya daga cikin masu awon a masallaci, dattijo mai kirki. Ya ce takardun na can sama, shi ma jira yake, kuma gidan yayarsa na cikin layin.

Kwana biyu muna kwaɓa ƙasa da ciyawa. Muka yaɓe katangar tas, ban da wurin jan fentin, faɗin faifai, don Inna ta kafa kujera tana gadinsa.

Ranar komowa hadarin farko ya tare mu a Anka, muka iso Gusau cikin ruwa. Da ina ɗaukan jinkirin aikin gwamnati abin tsaki ne kawai. Yanzu na san yana iya sa tsohuwa ta fi tsoron a manta da ita a kan ɗaki ya faɗo mata. Tun daga ranar, ko yayyafi aka yi sai na buga mata waya.